Fuska ma tana da karin harshe: zare a kan kunya, tsaki da kukan amarya

1/ Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Shi ɗin ne dai ya sake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To wanne za mu kama? Fuska ce ke tona asirin zuciya, ko ciki ne ke ɓoye shi? Masana sun fi shekara 150 suna ja-in-ja a kan wannan, kuma wani ɓangare na amsar yana cikin gidajenmu. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo 🧵

2/ Duk bayan 'yan kwanaki sai wani ya rubuto a nan cewa babansa bai taɓa ce masa yana son sa ba, ko innarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Sai a taru a ƙasa ana cewa iyayen Hausawa ba su san ƙauna ba. Wannan hukunci ne mai nauyi a kan mutanen da suka raine mu. Kafin mu yanke shi, mu duba ko da idon wa muke karanta fuskarsu.

3/ Mu fara da Ingila. A 1867 Charles Darwin ya rubuta jerin tambayoyi ya aika ƙasashe masu nisa. Yana son ya sani: in mutanen wurin sun yi mamaki suna zare ido? In sun ji haushi suna haɗe gira? In an ba su kunya fuskarsu tana canzawa? Amsa 36 ya samu, akasari daga 'yan mishan da Turawan da ke zaune a can.

4/ A 1872 ya fitar da littafi a kan yadda mutum da dabba ke bayyana abin da ke ransu. Ra'ayinsa shi ne murmushi da ɗaure fuska da zare ido gado ne na jiki, iri ɗaya ne a duk duniya. Amma ku lura da waɗanda ya tambaya. Mafi yawansu baƙi ne masu kallon fuskar masu gari daga waje. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ Kusan shekara 100 bayan nan, wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, Paul Ekman, ya ce bari ya gwada. A 1967 da 1968 ya je tsaunukan Papuwa Niyu Gini wajen ƙabilar Fore, waɗanda yawancinsu ba su san sinima ko mujalla ba. Sai a ba mutum gajeren labari, misali ɗan wani ya rasu, a ajiye masa hotuna uku, a ce nuna fuskar da ta dace.

6/ Sun fi dacewa fiye da kuskure. Daga nan maganar ta bazu cewa akwai yanayi shida da kowa ke ganewa a fuska: murna, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. Ta shiga littattafan makaranta, ta shiga horon jami'an tsaro. Ko da yake su Fore ɗin ma sun riƙa rikita fuskar tsoro da ta mamaki.

7/ Akwai gaskiya a ciki fa. A wasannin naƙasassu na duniya na 2004 a Atina, an ɗauki hotunan makafi 'yan kokawar judo, har da waɗanda aka haifa ba sa gani. Da suka yi nasara sun yi murmushi irin na masu ido, da suka faɗi fuskarsu ta nuna. Ba su taɓa ganin murmushin kowa ba balle su kwaikwaya. Wani abu dai a jiki yake.

8/ Sai dai Ekman da abokin aikinsa Wallace Friesen sun ga wani abu kuma. Sun nuna wa ɗaliban Amurka da na Japan fim mai tayar da hankali. Da kowa yake shi kaɗai, duk sun yamutsa fuska iri ɗaya. Da wani babba ya shigo ya zauna, sai Japanawan suka fi rufe abin da murmushi. Wato kowace al'umma tana da dokar abin da ake nunawa a gaban wa.

9/ Daga baya wasu suka ce ai salon gwajin ma yana taimaka wa mai amsa, tunda an ba shi zaɓi. A 2014 aka buga binciken da Maria Gendron da Lisa Feldman Barrett da abokansu suka yi da makiyayan Himba na Namibiya. An ba su hotuna 36 aka ce su ware su yadda suka ga dama. Sun ware masu dariya, sun ware masu zare ido. Fushi da ƙyama da baƙin ciki kuwa sun cakuɗe.

10/ A 2016 Carlos Crivelli da abokansa suka nuna wa matasan tsibiran Trobriand hoton nan na zare ido da buɗe baki, wanda Bature ke kira fuskar tsoro. Da yawansu suka ce wannan ai barazana yake yi, shi ne abin tsoron. Hoto ɗaya, Bature ya ga wanda ake bi, su suka ga mai bin mutane.

11/ Bayanin da ya fi kwanta min shi ne na Hillary Elfenbein da Nalini Ambady. A 2002 sun tattara bincike masu yawa, suka ga mutum yana iya karanta fuskar baƙo, amma ya fi iya karanta ta ɗan garinsu. Kamar karin harshe ne. Bakano yana jin Sakkwatanci, amma akwai inda zai tsaya ya ce me ka ce? To haka fuska take.

12/ Yanzu mu dawo gida mu ji namu karin. Muna da shaida mai ƙarfi daga nan maƙwabta. Baba mutuniyar Karo, an haife ta wajen 1877, ta yi ƙuruciyarta tsakanin Karo da Zarewa, kan iyakar ƙasar Kano da Zazzau. Zarewa yau tana cikin ƙaramar hukumar Rogo. Ga mutumin Kiru ko Bebeji, wannan ba wata uwa duniya ba ce.

13/ Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa, Baba ta zauna da wata Baturiya mai jin Hausa, Mary Smith, matar masanin al'adu M. G. Smith, ta ba ta tarihin rayuwarta. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954. Bambancinsa da aikin Darwin shi ne a nan mai fuskar ce da kanta take bayani.

14/ Cikin abubuwan da littafin ya nuna ƙarara akwai kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ta kan nuna kamar ba ta damu da shi ba. Uba ma haka. Sau da yawa bayan yaye sai kaka ko goggo ta ɗauke shi riƙo. Ita Baba ba ta haihu ba, 'ya'yan riƙo ta raina.

15/ Ka sa wannan uwar a gaban mai jerin hotunan Ekman. Ba murmushi, ba kallo, ba suna. Zai rubuta cewa ba ta son ɗanta. Amma duk matar da ke tsakar gidan ta san fassarar: wannan yarinya tana da tarbiyya, kuma abin da take kawar da kai daga gare shi shi ne ya fi komai girma a ranta. Ba a jin kunyar abin banza.

16/ Har yau ana yi, ko da ya ragu. Za ka ji uwa ta ce “yaron nan” ko “wancan”, kowa ya san wa take nufi. Ita ce kuma za ta ajiye masa ƙanzon tuwo in ya yi dare, ta sayar da akuyarta a biya kuɗin jarrabawarsa, ta aiki ƙaninsa ya kai masa ba tare da ta ce daga ita ba ne.

17/ Kun taɓa tambayar me ya sa gidajenmu suka cika da Abba da Baffa da Ummi da Mama da Nana? Yaro ya ci sunan kakansa, suruka kuma ba za ta iya buɗe baki ta kira sunan uban mijinta ba, balle ta yi masa tsawa da shi. Sai a nemo laƙabi. Duk Abban da ka sani, akwai wata kunya da ta raɗa masa wannan sunan.

18/ Ba mu kaɗai ba ne. A wajen Zulu da Kosa na Afirka ta Kudu akwai al'adar hlonipha, inda matar aure ke guje wa sunan surukinta har da kalmomin da suka yi kama da shi. A arewa maso gabashin Ostareliya, a da ƙabilar Dyirbal suna da kalmomi daban ɗungurungum da ake amfani da su in suruka tana kusa. Nisanta a nan girmamawa ce.

19/ To ina ƙaunar ke fita a fili? Wajen kaka. Ita ce za ta kira jikanta “mijina”, ta yi masa kirari, ta ce ya cika rowa bai kawo cefane ba. Shi kuma ya ce ta tsufa zai sake ta. Abin da aka hana uwa an sakar wa kaka shi gaba ɗaya. Gidan ne ya raba aikin, kowa da rabonsa.

20/ Haka taubasai, haka wasan Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa. Baƙo zai ji ana kiran mutum bawa ana dariya, ya ɗauka faɗa za a yi. A wannan tsarin, wanda ka fi girmamawa ba ka kallon idonsa, wanda ka fi sakewa da shi kuma shi kake tsokana. In ba ka san dokar ba, duka biyun za ka karanta a juye.

21/ A 1973 Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa a Oxford, ya gabatar da lacca a jami'ar Indiyana a kan wane ne mutumin kirki a wajen Bahaushe. An buga ta a 1974. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

22/ Ku ƙirga nawa ne a ciki suka shafi riƙe fuska da harshe. Haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci. Rabi cif. Addini ma ya ƙarfafa abin, domin hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa kunya tana daga cikin imani. Yaron da ya tashi a nan tun yana ƙarami ake koya masa cewa ba duk abin da ya zo rai ne ke hawa fuska ba.

23/ A yankinmu abin ninki biyu ne, saboda daga Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, Hausawa da Fulani sun daɗe a cakuɗe, a gari da rugagen gefen dajin Falgore. Fulani suna da pulaaku, wanda ya ƙunshi semteende, wato kunya, da munyal, wato haƙuri, da hakkille. Daga nan Hausa ta ari kalmar fulako.

24/ Ka san fulako ai. Baƙo ya kwaso yunwa, a kawo masa abinci ya ce alhamdulillahi a ƙoshe yake. Mai gida da ya san kan abin ba zai ɗauke kwanon ba. Zai tura shi ɗaki ya ja ƙofa ya ba shi wuri. Paul Riesman, wanda ya zauna da Fulanin Jelgoɓe a ƙasar da yau ake kira Burkina Faso a shekarun 1960, ya yi dogon rubutu a kan wannan ɓoye buƙata a gaban wanda ake jin nauyi.

25/ Ƙololuwar abin ita ce sharo, ko shaɗi. Saurayi ya tsaya ƙirji a buɗe, a tsula masa bulala, ya yi murmushi ko ya ɗaga madubi yana duba fuskarsa. Kowa a filin ya san akwai zafi, shatar bulalar tana nan. Abin da ake kallo shi ne ko fuskar za ta ci amanarsa. Murmushin nan ba na murna ba ne, kuma ba wanda ya ɗauka haka.

26/ Ga kishiyar wannan. Ranar kai amarya, yarinyar da ta shekara biyu tana jiran wannan rana, ita ta zaɓi mijin, sai ga ta tana kuka kamar ranta zai fita. Akwai zafin rabuwa da gida na gaske a ciki. Akwai kuma sanin cewa amaryar da ta fita tana washe baki za a daɗe ana maganarta. A ɗakin ma ba za ta tanka ba sai an sayi baki.

27/ Ranar rasuwa kuma, inda baƙo ke jiran kururuwa, sai ya tarar da maza a kan tabarma shiru. “Ya haƙuri?” “Da godiya.” Hawaye bai haramta ba, Annabi (SAW) ya zubar da shi ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Kururuwa da yage tufafi ne aka hana. Kwatanta da kudancin Gana, inda ake jana'iza da kiɗa, har bidiyon masu rawa da akwatin gawa ya zagaye duniya a 2020. Kowa yana jin zafin rashi.

28/ Kada wani ya ce to Bahaushe ba ya nuna komai. Wa ya faɗa maka? Muna da ƙamus guda: tagumi, harara, tsaki, ƙwafa, gatsine, zumɓura baki, murguɗa baki, cizon yatsa, riƙe haɓa, tafa hannu da salati, ɗora hannu a ka, noƙe kafaɗa. Uwa tana iya yi wa ɗanta magana mai tsawo a gaban baƙi da ido kaɗai, ya ajiye naman da ya ɗauka.

29/ Biyu daga cikinsu sun ƙetare teku. A 1976 John Rickford da Angela Rickford, 'yan asalin Gayana a Kudancin Amurka, suka buga bincike a kan harara da tsaki. Sun tarar mutanen Gayana da yawancin baƙaƙen Amurka sun san su sarai, fararen Amurka kuwa kaɗan ne suka gane. Sun danganta asalinsu da Afirka, ta hanyar bayin da aka kwashe.

30/ Ka duba fa. An raba mutane da harshensu da sunayensu, amma tsaki ya tsira. A Faransa ma 'ya'yan 'yan Afirka sun kai shi aji, har a 2015 jaridu suka ruwaito wasu makarantu sun hana shi. Malamin da bai san shi ba zai ɗauka yaro yana sakace haƙori ne. Kai kuwa ka yi wa babarka shi sau ɗaya ka gani.

31/ Daƙuwa fa? Ka ware yatsu biyar ka nuna wa mutum a Kwanar Ɗangora, sai an raba ku. A Amurka wannan gaisuwa ce ko neman a tafa. A Girka kuma zagi ne mai zafi kamar namu, suna kiran sa mutza. Jinjina kuma, dunƙule hannu a ɗaga wa sarki, biyayya ce a nan. A wasannin Olamfik na 1968 a Meziko, 'yan tseren Amurka biyu baƙaƙe sun ɗaga irinsa don nuna bijirewa.

32/ Kalmomin ma ba su daidaita ba. Mu a ciki muke ajiye abin: farin ciki, baƙin ciki. Tsoro kuma gaba ne ke faɗuwa, fushi rai ne ke ɓaci. Baƙin ciki ɗaya yana nufin jimami, yana kuma nufin hassada, shi ya sa ɗan baƙin ciki ba mai makoki ba ne. Kishi yana ga kishiya, yana ga kishin ƙasa.

33/ Kunya kuwa Turanci sai ya haɗa kalmomi huɗu ko biyar kafin ya kamo ta, domin ta ɓarawon da aka kama daban, ta amarya daban, ta suruki daban. A 2019 mujallar Science ta buga nazarin harsuna 2,474, aka ga yadda ake haɗa sunayen abin da rai ke ji ya bambanta sosai daga dangin harshe zuwa wani.

34/ To yaushe muka fara karanta kanmu da idon wasu? A farkon Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ranar 3 ga wata ta ci Kano. Baba tana da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin. Bayan sojan sai kotu da ofis da makarantar boko suka biyo, kowanne da tasa dokar fuskar.

35/ A gida an ce maka in babba yana magana ka durƙusa ka sunkuyar da kai, ƙura masa ido rashin kunya ne. A tsarin Bature kuma wanda ya kasa haɗa ido ana zarginsa da ɓoye wani abu. Har yau yaronmu yana shiga ganawar neman aiki ko ta biza da ladabin gidansu, a fassara shi da rashin gaskiya ko rashin ƙwazo.

36/ Sai fim ɗin Indiya. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Labanawa suke kawo shi gidajen sinima na Arewa. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya rubuta a 1997 cewa Hausawa sun ga kansu a ciki: auren dole, nauyin iyaye, kunyar mace. Amma sun ga sabon abu kuma, saurayi da budurwa suna faɗin abin da ke ransu da baki, har da waƙa.

37/ Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya suka ɓarke a Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna wajajen 1990. A 1990 aka yi Turmin Danya, wanda ake ƙirga shi a matsayin mafarin finafinan Kano. Aka yi ta cece-kuce cewa ana lalata tarbiyya.

38/ Abin da ya faru shi ne tsara guda ta koyi sabon kari. Kakarka ba ta taɓa faɗin sunan kakanka ba, sai Malam ko “shi”. Babarka ta ce Alhaji ko baban wane. Ƙanwarka ta ajiye nata a waya da Habibi da jan zuciya uku. Mu da muka tashi da wannan sabon kari, sai muka juya muna auna iyayenmu da shi, muka ga kamar ba su ce komai ba.

39/ Waya ma ba ta raba gardamar ba. A 1982 Scott Fahlman ya ƙirƙiro :-) a Amurka, dariyar tana baki. Japanawa suka yi nasu (^_^), dariyar tana ido. Wannan 🙂 da kake tura wa mutane da zuciya ɗaya, matasan Chaina da yawa suna ɗaukar sa gatse ne. Ko a nan, tura wa budurwa 👍 bayan ta rubuto maka dogon saƙo ka ga abin da zai biyo baya.

40/ Abin ya wuce wasa in hukuma ta shigo. Daga 2007 Amurka ta zuba jami'ai a filayen jirgin sama suna duban fuska da motsin matafiya don gano mugu. A 2013 ofishin binciken gwamnati na majalisarsu ya ce an kashe kusan dala miliyan 900, kuma babu hujjar kimiyya da ta nuna hanyar tana aiki. Ka tuna da yaronmu mai sunkuyar da kai.

41/ Yanzu kwamfuta ake koya wa wannan karatun. A 2019 Barrett da wasu masana huɗu suka duba bincike sama da 1,000, suka ce ba a iya dogara da fuska kaɗai a san abin da mutum ke ji. A 2022 Microsoft ya janye manhajarsa mai wannan da'awar. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta hana amfani da irinta a makarantu da wuraren aiki, sai don lafiya ko kare rai.

42/ Amma kada mu tashi muna yabon kanmu kawai. Kunya tana da nata hasarar, kuma mata ne suka fi biya. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a karkarar Malumfashi kafin ya zama likitan mata, ya rubuta a 1998 a kan mutuwar mata wajen haihuwa a ƙasar Hausa. Cikin dalilan da ya kawo har da kunyar cikin fari.

43/ Yarinya tana naƙuda, an koya mata cewa ihu abin kunya ne, faɗa ma abin kunya ne. Ta yi shiru kwana ɗaya, kwana biyu, kan ɗa ya tokare. Kafin a nemi mota an makara. Wasu su rasu, wasu su tashi da yoyon fitsari, su ƙare a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina. Wannan shirun ba tarbiyyar da za a yi alfahari da ita ba ne.

44/ Haka yaron da wani babba ya ci zarafinsa ya kasa faɗa. Haka magidancin da damuwa ta cinye, ana tambayarsa ya gida yana cewa lafiya lau, saboda namiji ba ya kuka. Tsarin da ya koya mana ɓoyewa ya tanadi masu ganewa: kaka, goggo, aminiya, taubashi. Yanzu da kowa ya koma gidan haya shi da matarsa, ɓoyewar ta rage, masu ganewar sun yi nisa.

45/ Don haka aiki biyu ne a gabanmu. Na farko, mu iya karin iyayenmu kafin mu yanke musu hukunci. Tsohon da ya raka ka tasha bai ce komai ba, ya cusa maka kuɗi a aljihu ya ce “Allah Ya tsare, ka riƙe salla”, ya juya da sauri, ya gama faɗin duk abin da kake jira. Saurin juyawar ma magana ce.

46/ Na biyu, mu san inda kunya ba ta da hurumi: ciwo, naƙuda, cin zarafi, damuwar da ta hana barci. A nan a buɗe baki, a je asibiti, a gaya wa wanda zai iya yin wani abu. In ƙanwarka ko abokinka ya ce lafiya lau amma tagumin ya yi yawa, kada ka tsaya a amsar farko. Sake tambaya in kun keɓe.

47/ Kuma ba laifi ba ne mutum ya iya kari biyu. Ka durƙusa wa Baba ka kawar da ido, ka shiga ofis ka haɗa ido da mai ɗaukar aiki, ka dawo gida ka kira 'yarka ta fari da sunanta ka ce kana son ta. Mai jin Kananci da Sakkwatanci ba a ce ya yi asara.

48/ Karin maganar farko tana nan daram, a tambayi fuska. Sai dai mai tambayar ya fara sanin garin da fuskar ta tashi, da wanda ke zaune a wurin lokacin da aka tambaye ta. 'Yan fari da ke nan, ku faɗa mana a ƙasa: da wane suna innarku take kiran ku? Mutanen Doguwa da Tudun Wada, har yanzu ana sharo a wajenku? 👇